Tabon Ƙwallo a Fili na Huɗu

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Wi'am ta ci. 'Yata ta ci wasan tantancewa, ita za ta tafi Sifaniya. Gurbi ɗaya tak aka ba duk yankinmu, shekara biyu a makarantar tanis, ci da sha da koci, kuma 'yata ce ta ɗauke shi tana da shekara goma sha biyar. Na rubuta ne don in ga yadda maganar take a takarda.

Babanta Abdulhaƙ ya cika gida da ihu. Ya kira danginsa na Fas ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su san bambancin raket da ludayi ba. Ya ce, "Gizlan, ke ba za ki yi guɗa ba? Jininki ne fa!" Na ce gwiwata ke ciwo. Ya ce shi bai taɓa jin inda aka yi guɗa da gwiwa ba.

Na wanke mata takalma. Jar ƙasar fili ta kama gefen na dama sosai.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na sake wanke na daman.

Laraba, 9 ga Afrilu, azahar

Siham ta kai ƙara. Ita ce kocin Kawsar, yarinyar da Wi'am ta doke. Da ma na san za ta kai. Da ni ce ita, tun ranar Lahadi zan kai.

Bari in tsara abin kamar yadda yake a takardar da aka aiko. Wasan tantancewa ne, ba a ɗora alƙali a kujera ba, kowace yarinya ita ke kiran ƙwallon da ta faɗi a ɓangarenta. Haka muka taso muna yi. A jar ƙasa ƙwallo tana barin tabo, in an yi gardama sai a bar tabon yadda yake, a kira mai kula da wasa ya duba. Wadda ta taɓa tabo kafin ya iso ta sarayar da makin. A zubi na uku Kawsar na neman maki ɗaya ta gama wasa. Ta buga wata ƙwallo can kusurwar baya. Wi'am ta ɗaga yatsa ta ce waje. Kawsar ta ce a nuna mata. Mai kula da wasa ya taho daga ofis da kofin shayi a hannu, Wi'am ta nuna masa tabo da kan raket, yatsa uku a wajen layi. Ya ba ta makin. Daga nan Kawsar ba ta ƙara ganin ƙwallo ba, hawaye take yi tana bugawa.

Siham ta rubuta cewa ba shi ne tabon ba. Na gaskiya ya ci layi, an shafe shi da ƙafa.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga wata. In ƙarar ta tabbata, gurbin ya koma wa Kawsar, a dakatar da Wi'am wata shida. Babu wanda ya ɗauki hoto. Shaidu biyu ne: dattijon nan mai gyaran filaye da muke kira Ba Bushaib, sai ni. Ina bayan shingen waya, taku uku daga kusurwar.

Shugaban kwamitin ya kira ni da kansa. Ya ce, "Lalla Gizlan, cika ƙa'ida ce kawai. Ko da ke uwa ce, wa zai yi jayayya da idonki a ƙasar nan? Ki zo ki ce waje, mu rufe takarda, mu sha shayi."

Na ce masa to.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan kuskus

Abdulhaƙ ya sayo akwati. Shuɗi, mai tayoyi huɗu, ya ajiye shi a bakin ƙofa inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Na ce ba sai watan Agusta za ta tafi ba? Ya ce ido ya riƙa sabawa.

Baƙi sun cika falo, kuma an san halin mutumin, baƙo ba ya fita gidan nan sai ya ga tsohon kaset. Ya mayar da shi cikin waya tun bara, yanzu ko a taron suna sai ya nuna. Wasan ƙarshe na ƙasa, ni da Siham, shekara ashirin da huɗu ke nan, muna 'yan sha takwas. A lokacin ma gurbi ɗaya ne, na Faransa. Na tashi na shiga kicin na wanke tukunyar da ba ta yi datti ba.

Shekara takwas na yi ina yawon duniya da jakar raket. Na kai ta ɗari da arba'in da uku a duniya, kuma ba na jin kunyar faɗa, don na san abin da na ci kafin in kai. Na kwana a ɗakuna masu warin taba, na wanke kayana a kwanon wanke fuska, na buga wasa da gwiwa a kumbure kamar kabewa. Sau ɗaya na taka babban fili a Faris, wata doguwar yarinya ta kore ni cikin minti hamsin da biyar, amma na taka. Sunana na jikin allon kulob da ruwan zinariya. Duk wannan daga rana ɗaya ya fito.

A kan wannan ranar ba ni da abin rubutawa.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Wi'am ta ci wainar fulawar nan da muke kira musamman, guda uku da zuma, tana waƙa. Ko a jikinta.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Na je kulob da sassafe don in sami Ba Bushaib shi kaɗai. Yana ban ruwa a fili na huɗu, tiyo a hannu, hularsa ta saƙa a ka. Shekara arba'in yana jan tabarmar share filayen nan. Shi ya ɗaura mini igiyar takalmi ranar da na fara zuwa ina 'yar shekara shida.

Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi ciwon bayansa. Ya bar ni ina ta kewaye-kewaye har na gaji.

Na ce, "Ba Bushaib, me za ka faɗa musu?"

Ya ce, "Ni? Yanar ido ta gama da ni, 'yata. Layin nan ma da ƙafa nake lalubensa. Zan ce musu na ga yara biyu da fararen kaya."

Wallahi na ji sanyi a raina, kuma na ji kunyar sanyin da na ji. Na juya zan tafi sai ya ce, yana kallon ruwansa, "Amma shekara ashirin da huɗu baya idona ras yake. Ina durƙushe a wannan kusurwar da tsintsiyar layi. A lokacin ba wanda ya tambaye ni."

Na tsaya a inda nake. Ya ce, "Matsa, Lalla, kar in jiƙa ki."

Ya taɓa kirana Lalla, kiran da ake yi wa manyan mata? Ban tuna ba. Kullum 'yata yake cewa.

Laraba, 16 ga Afrilu, azahar

Gwiwa. Akwatin yana nan.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je sayen zaitun a kasuwar Lahdim, na ɗaga kai sai ga Siham a shago ɗaya da ni. Garin Miknas duk faɗinsa. Ta yi jiki, gashinta ya fara fari a gaba. Malamar motsa jiki ce a makarantar 'yan mata, da yamma kuma ta ɗora buhun ƙwallaye a tsohon babur ta tafi filin unguwa ta koyar da 'ya'yan mutane kyauta. Uban Kawsar direban bas ne. Na ji an ce Siham da hannunta take ɗaure wa yarinyar igiyar raket in ta tsinke.

Muka gaisa, sumba a kumatu biyu, kamar mutanen kirki.

Ta ce, "Gwanar ƙasa da kanta a kasuwa? Ba a aiko direba ba?"

Na ce, "Siham, yara ne. Ƙwallo mai gudu, kowa yana iya kuskure."

Ta ce wa mai shago ya ƙara mata zaitun mai lemun tsami rabin kilo. Sai da ya ƙulle leda sannan ta dube ni.

"Ba na neman komai a wurinki, Gizlan. Nawa ya wuce, na binne shi, na haifi 'ya'ya uku a kansa. Amma yarinyar nan kwana goma sha ɗaya ba ta taɓa raket ba. Tana tambayata ko idonta ne ya lalace. Me zan ce mata?"

Na ce kwamiti zai duba.

Ta ce, "Kwamiti ke ce. Ina ɗaya ɓangaren ranar, na ga inda kike kallo. Kowa yana kallon layi, ke kina kallon ƙasa kusa da 'yarki. Kuma na ga kin rufe ido."

Na dawo gida babu zaitun. Na tsani matar nan yau, kuma ban sami abu ɗaya da ta faɗa wanda zan ce ƙarya ne ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da hantsi

Na tsaya gaban madubi na ce "waje ne" sau goma. Sumul yake fita, ko gargada babu. Abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Zan rubuta.

Bayan atisaye na tsayar da mota a gefen ganuwa, na kashe. Na ce, "Wi'am, faɗa mini abin da ya faru a fili na huɗu."

Ta ce, "Waje ne, Mama." Ko ɗagowa daga waya ba ta yi ba.

Na ce, "Taku uku ne tsakanina da ke."

Sai ta ɗago. Na ɗauka kuka za ta yi, na riga na shirya rungumarta. Ba ta yi ba. Ta danna waya, ta miƙo mini. Tsohon kaset ne na babanta. Ta kai shi kusa da ƙarshe ba tare da ta nema ba, ta rage masa gudu, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ba wajen fuska ba, wajen ƙasa.

Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Daƙiƙa huɗu ne.

Ta ce, "Tun ina shekara goma sha ɗaya na gani. Na ɗauka kin san na sani. Ai ke kika ce in kalli kaset ɗin nan in koyi aikin ƙafa."

Na ce, "Ba wannan ba."

Ta ce, "Kin juya kamar za ki ɗauki tawul, ƙafar dama tana biyo baya a hankali. Kin iya, Mama. Ni wata uku na yi ina gwadawa a bayan gida kafin ya zauna."

Wata uku. Ina kicin ina dafa mata miyar harira, ita tana bayan gida tana gwadawa.

Na ce mata abin da ya kamata uwa ta ce, kalmomin suna fita kamar na aro. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke kin samu Faris, Siham ta samu babur. Wanne kike so in samu?" Ta ƙara da cewa, "In kika faɗi nawa ranar Alhamis, ni ma zan nuna musu naki."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Cikin natsuwa ta faɗa, da muryata.

Na tayar da mota. A hanya ta ce in tsaya ta sayi ruwan lemu, na tsaya.

Litinin, 21 ga Afrilu, azahar

Ban je kulob ba. Na ce gwiwa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Na faɗa wa Abdulhaƙ. Na Wi'am tukuna. Ya ajiye butar shayi a hankali.

Ya ce, "Kin tabbata? Ƙwallon da ke gudu kamar mota? Haba Gizlan, ke injin ce? To ki ce ba ki gani ba. Rana ta haske miki ido, wani ya gifta, kin sunkuya ɗaukar jaka. Ba ki yi ƙarya a kan kowa ba."

Na ce in na ce ban gani ba, hukuncin mai kula da wasa ya tsaya, Kawsar ta rasa. Duk ɗaya ne.

Ya ce, "To sai me? 'Yar wa kika ɗauka wata tara? Za ki tsaya gaban mutane ki yanka 'yarki da bakinki? Yarinyar nan ba za ta yafe miki ba har ki mutu."

Sai na faɗa masa ɗayan. Na ce ya buɗe kaset ɗinsa ya duba ƙarshe. Ya duba sau biyu. Mutumin da ya nuna wa rabin Miknas wannan wasa. Na ce, "Sau ɗari ka kalla, ba ka taɓa gani ba?"

Ya ce, "Ni fuskarki nake kallo."

Ya tashi ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ɗazu nake lissafi ɗaya. In na ce waje, za ta tafi Sifaniya da akwatin shuɗi da wannan ƙafar, kuma za ta ƙware fiye da ni, don ta fi ni sanyin zuciya. Ni aƙalla na yi amai a banɗaki bayan an ba ni kofi. Ita waina uku ta ci da zuma. In na ce ɗayan, na rasa ta. Ban ga hanyar da ba zan rasa ta ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da yamma

Na goge rigar da zan sa. Wi'am ta goge tata. Muka yi ta miƙa wa juna dutsen guga ba magana.

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Taku uku.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Na faɗa. Duka biyun, nawa na fara faɗa, don kada ta sha wahalar ciro waya.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Wata shida. Gurbin na Kawsar ne.

Shugaban kwamiti ya yi ta jujjuya biro, ya ce maganar shekara ashirin da huɗu ba hurumin zaman nan ba ce, ba a sake tsohon sakamako. Wato sunana zai ci gaba da zama a allo da ruwan zinariya, in riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa kullum, kowa ya sani. Ba Bushaib ya ce ya ga yara biyu da fararen kaya, kamar yadda ya yi alkawari. Da zai fita ya dafa kafaɗata.

Siham na tarar a waje tana kwance sarƙar babur. Na tsaya a gabanta, ban san me nake jira ba. Na san dai ina jiran wani abu.

Ta ce, "Na Kawsar na gode. Allah ya saka."

Na ce, "Naki fa?"

Ta ce, "Nawa? Yanzu? Me zan yi da shi, in soya wa yara? Duk kulob ya sani tun ranar, Gizlan, ke kaɗai kika ɗauka sirri ne. Riƙe abinki." Ta buga babur sau uku kafin ya tashi, ta tafi.

Na zaci zan ji nauyi ya sauka. Babu abin da ya sauka.

Wi'am ba ta yi kuka a ɗakin ba. Da na fara magana ta dube ni, ta ci gaba da dubana har na gama, ni ce na kasa dubanta. Abdulhaƙ ya ɗora akwatin a kan kabad, ya rufe shi da tsohon bargo.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan kuskus

Kwana takwas Wi'am ba ta yi mini magana ba. Ta ce wa babanta ya ce mini gishiri ya yi yawa.

Talata, 6 ga Mayu, azahar

Iyaye biyu sun janye 'ya'yansu daga ajin tanis da nake koyarwa a kulob. Ban damu ba. Na damu.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Da asuba bayan salla na tarar da Wi'am a bakin ƙofa da raket biyu. Ta ce wa bango, ba ni ba, "Daga gasa aka dakatar da ni, ba daga fili ba." Na ɗauki makullin mota kafin ta sake shawara.

Fili na huɗu kaɗai ne babu kowa. Ba Bushaib ya riga ya ba shi ruwa ya share, layuka fari tas. Muka ɗumama jiki, sannan ta ce mu ƙirga maki. Tana buga ƙwallo kamar da ni take faɗa, kuma da ni take. Gwiwata tana ihu, ban kula ba, don rabona da jin daɗi irin wannan tun kafin Afrilu. Na ce a raina ta dawo.

A wasa na uku ta buga wata doguwa ta bayana. Ta wuce layi da faɗin tafin hannu, ko makaho ya san waje ce. Na ɗaga yatsa na ce, "Waje."

Ta tsaya. Sai na ga ta taho, ta zagayo raga. Tun tana shekara biyar nake wasa da yarinyar nan, ba ta taɓa tsallako raga don duba kirana ba. Na ja da baya, na ba tabon wuri. Ta durƙusa ta duba.

Ta ce, "Wannan ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ta dubi layin, ta bi shi da ido hagu da dama. Sannan ta dubi takalmana, na dama, ta daɗe tana kallo. Ta miƙe ta kaɗe gwiwa, ta koma ɓangarenta, ta faɗi maki, "Sha biyar, talatin."

Muka ci gaba har rana ta yi zafi. Duk ƙwallon da na kira bayan nan sai da ta zo ta duba.